Allurar 'yan Chaina ko gashin moksa: wanne mai ciwon kwankwaso zai kashe wa kuɗinsa?

Mai ciwon kwankwaso dai an san shi, duk abin da aka ce masa yana yi sai ya gwada, daga man zafi zuwa ƙaho zuwa diklofenak ɗin kemis, wani ma har ya zarce tiramol ya ƙara wa kansa wata masifar. To yanzu ga abu biyu na 'yan Chaina sun shigo layi. Na farko akufanca, wato a tsittsira maka siraran allurai a baya da ƙafafu a bar su kamar minti 20 zuwa 30 sannan a zare. Na biyu gashin moksa, shi kuma ganye ne dangin tazargade ake busarwa a daka ya yi laushi, a naɗe a takarda ya zama sanda mai kaurin babban yatsa, a kunna bakinsa yana ci a hankali ana kara shi kusa da fata yana gasa wurin. Wani lokacin a ɗora ɗan ƙullinsa a kan yankakkiyar citta ko tafarnuwa a saman fata, wani lokacin a maƙala shi a kan allurar akufancar zafin ya riƙa bin ƙarfen yana sauka. 'Yan kasuwarmu masu zuwa Guangzhou suna shigo da akwatunansa, irin wanda ake ɗaurawa a ƙugu hayaƙi na fita. A can Chaina tare ake yin su tun fiye da shekara 2000, asibiti ɗaya ɗaki ɗaya, shi ya sa mutane ke ɗauka matsayinsu ɗaya. A wajen bincike kuwa ko kusa ba ɗaya ba ne.

Akufanca ta sha gwaji, gwaji kuma mai tsanani, a hannun mutanen da ba su da niyyar yi mata alfarma. Mafi shahara shi ne wanda aka yi a Jamus da ake kira GERAC, sakamakonsa ya fito a 2007. An ɗauki mutum 1,162 masu daɗaɗɗen ciwon baya, a matsakaici sun shekara 8 suna fama, aka yi ƙuri'a aka raba su uku. Kashi na farko akufanca ta gaske yadda littafin 'yan Chaina ya tsara, kashi na biyu ta bogi wato a ɗan tsira allurar sama-sama a wuraren da sam ba su ne wuraren akufanca ba, kashi na uku kuma maganin asibiti da aka saba, ƙwayoyi da gashin ƙashi da motsa jiki. Bayan wata shida aka duba su waye suka samu sauƙi na a zo a gani. Na gaske kashi 47.6 cikin 100, na bogi kashi 44.2, na maganin asibiti kashi 27.4. Ka sake karanta lambobin nan. Masu allura sun kusa ninka masu maganin asibiti, amma tsakanin allurar gaske da ta ƙarya tazarar ba ta taka kara ta karya ba.

Sai Amurkawa suka ce bari su ƙara matse ta. A 2009 Daniel Cherkin da abokan aikinsa suka fitar da nasu, mutum 638, an raba su huɗu: wasu likitan akufanca ya duba su ya zaɓa wa kowa wuraren da suka dace da shi, wasu an yi musu tsari guda kowa iri ɗaya, wasu kuma an kwantar da su rub da ciki an rufe musu ido ana dannan su da tsinken sakace a cikin ɗan bututu, ko fata ba a huda ba, sai na huɗu da suka ci gaba da maganin da suka saba. Zama goma cikin mako bakwai. A mako na takwas kusan kashi 60 cikin 100 na duk rukunonin nan uku sun samu sauƙin da ya canza musu harkar yau da kullum, har da 'yan tsinken sakacen, masu maganin da aka saba kuwa kashi 39. Wallahi duk lokacin da na tuna wannan gwajin sai na yi dariya, don kowane ɓangare ya ɗauke shi ya tafi da shi yana cewa shi ya ci. Masu son akufanca suka ce kun gani ta fi magani, masu ƙinta suka ce kun gani tsinke ma ya yi abin da ta yi. Kuma duk su biyun ba ƙarya suka yi ba.

Ni yadda nake karanta shi shi ne, labarin da masu akufanca ke bayarwa na hanyoyin iska da ke zagaya jiki da wurare na musamman da dole sai nan za a tsira, wannan gwaje-gwajen ba su mara masa baya ba. Amma zaman kansa yana yin wani abu. Mutum ya kwanta minti talatin ba waya ba hayaniya, wani ya saurare shi ya taɓa wurin da ke ciwo, fata ta ji tsini jijiyoyi su kai saƙo ƙwaƙwalwa, ga kuma sa rai, sannan a maimaita haka sau goma. Akwai kuma wani abu da ya kamata a faɗa game da GERAC, mutanen da ƙuri'a ta jefa rukunin maganin asibiti yawancinsu abin da suka daɗe suna yi ne bai yi musu ba aka sake ba su, ka ga ai gwiwarsu a sanyaye take tun farko, wannan ma yana cikin abin da ya buɗe tazarar.

Da aka tattara gwaje-gwaje da yawa wuri ɗaya hoton bai canza sosai ba. Andrew Vickers da tawagarsa sun karɓo asalin bayanan marasa lafiya ɗaya bayan ɗaya, a 2018 sun haɗa mutum 20,827 daga gwaji 39, ba na baya kaɗai ba har da wuya da gwiwa da ciwon kai, suka ce akufanca ta fi rashin yin ta nesa ba kusa ba, ta kuma fi ta bogi amma da kaɗan, kuma yawancin sauƙin yana nan bayan shekara. Ƙungiyar Cochrane, waɗanda aikinsu ke nan tace bincike, a 2020 suka duba gwaji 33 na daɗaɗɗen ciwon baya zalla, mutum 8,270. A ma'aunin zafi na maki 100, akufanca ta fi zaman babu magani da maki wajen 20, ta fi ta bogi da maki wajen 9, su kuma sun ce sai tazara ta kai 15 kafin a ce mara lafiya zai ji bambancin a jikinsa. To ka ji inda rigimar take.

Shi ya sa hukumomi suka rarrabu. Jamus ta ce tunda ta fi abin da muke bayarwa za mu biya, inshorar lafiyar gwamnati ta fara biyan akufanca a kan daɗaɗɗen ciwon baya da na gwiwa tun 2007. Ingila ta yi akasin haka, hukumar NICE mai tsara ƙa'idojin jinya a can, da ta yarda da ita a 2009 ta dawo a 2016 ta ce a daina bayar da ita a kan ciwon baya tunda ba ta fi ta bogi yadda ya kamata ba, duk da cewa a 2021 ta buɗe mata wata ƙofar a kan daɗaɗɗen ciwon da ba a gano musabbabinsa ba. Ƙungiyar likitocin Amurka a 2017 ta saka ta cikin abubuwan da za a fara gwadawa kafin ƙwaya, sannan a 2020 inshorar tsofaffi ta Medicare ta yarda ta biya zama 12 cikin kwana 90, in ana samun sauƙi a ƙara 8, in babu a tsaya. Hukumar Lafiya ta Duniya a Disamban 2023 ta ce ana iya yin ta a cikin sauran magunguna, amma da sharaɗi, don hujjar ba mai ƙarfi ba ce.

Yanzu ka ɗauki duk jerin nan ka nemi moksa a cikin abubuwan da suka ba da shawarar a yi. Babu shi.

Ba wai ba a rubuta komai a kansa ba fa, an rubuta, kuma in ka karanta kanun sai ka ɗauka an samo maganin ciwon baya an gama. Akwai wani tattara bincike na 2020 da ya haɗa gwaji goma a kan moksa da daɗaɗɗen ciwon baya, duka-duka mutanen ba su cika dubu ba, wato goman gaba ɗaya ba su kai GERAC shi kaɗai ba, aka ce moksa ya fi ƙwayoyi, in an haɗa shi da wani maganin kuma ya fi maganin shi kaɗai, amma masu rubutun da kansu suka ce ingancin gwaje-gwajen ƙasa yake a yi hattara. Akwai kuma salon da Chen Rixin ya fito da shi a Nanchang ta lardin Jiangxi, inda ake yawo da sandar a saman fata har a samu wurin da mutum zai ce yana jin zafin ya nutsa ciki ko yana tafiya wani wuri, sai a tsaya nan a gasa har jin ya ɗauke, an gwada shi a kan masu zamewar faifan ƙashin baya an ba da rahoto mai daɗi. Matsalar ita ce kusan duk gwajin daga Chaina ne sai kaɗan daga Koriya, ƙanana ne, ba a bin mutane na dogon lokaci, kuma mara lafiya ya san abin da ake masa. Allura ana iya yaudarar mutum da tsinke, amma ta yaya za ka yi wa mutum gashin bogi? In babu zafi ya gane, in akwai zafi to ai ka riga ka gasa shi. Ga wari ga hayaƙi ya cika ɗaki.

Sannan akwai wani abu da ba a son faɗa. Shi dai Vickers ɗin nan, wanda ba maƙiyin akufanca ba ne, tun 1998 ya duba gwaje-gwajen akufanca ƙasa-ƙasa ya tarar duk waɗanda suka fito daga Chaina da Japan da Hong Kong da Taiwan babu ko ɗaya da ya ce ba ta yi ba. Ko ɗaya. Babu maganin da ke cin kowane gwaji a duniya, ko na gaske ne wata rana sai ya faɗi, don haka in ka ga ɗari bisa ɗari to waɗanda suka faɗi ne ba a buga ba, ko kuma tsarin gwajin ne ba ya barin a faɗi. Tamkar ka tambayi mai shago ne ko kayansa na da kyau. An samu gyara sosai daga baya, manyan asibitocin Chaina yanzu suna yin gwaji mai tsauri, amma yawancin takardun moksa har yanzu irin na da ne. Akufanca ta fita waje ta sha duka a Jamus da Amurka da Ingila ta dawo da ɗan abin da ta dawo da shi, ƙarami ne amma an san girmansa. Moksa kuwa a kan ciwon baya bai fita ba tukuna.

Kar kuma a ce na ce zafi ba ya komai. Zafi yana yi, kakanninmu ma sun san gashi. Cochrane ta duba ɗumama baya tun 2006, gwaji tara mutum 1,117, ta samu cewa ƙyallen ɗumi da ake ɗaurawa a ƙugu yana rage zafin sabon ciwo na ɗan lokaci, kuma ya fi in an haɗa da motsa jiki. Likitocin Amurka ma ɗumin ne a sahun gaba na shawararsu a kan sabon ciwo. Abin tambaya shi ne, ganyen yana ƙara wani abu a kan zafin ne ko kuwa zafin ne kawai ke aiki? Har yau ba a nuna cewa ganyen ya fi jakar ruwan zafi ko tawul da aka tsoma a ruwan ɗumi ba, su kuma babu hayaƙi babu toka mai wuta da za ta faɗo maka a baya.

Ta ɓangaren haɗari ma akufanca ce aka fi sanin lissafinta. A Jamus an bi mutum 229,230 da aka yi wa, kashi 8.6 cikin 100 sun ce sun ga wata 'yar matsala, yawanci ɗan jini ne ko kwanciyar jini a wurin, kashi 2.2 sun buƙaci a yi musu wani abu a kai, mutum biyu kuma allura ta huda musu huhu iska ta shiga ƙirji. Amma fa ka lura waɗannan likitoci ne masu horo da allurar da ake amfani da ita sau ɗaya a yar. A wajenmu inda ciwon hanta ya yi yawa wannan ita ce maganar farko, a ɓare allurar a gabanka daga leda, in aka ce maka an dafa ko an goge da sifirit ka ɗauki takalminka. Mai shan maganin tsinka jini irin su warfarin da mai juna biyu su faɗa tun kafin su kwanta. Shi kuma moksa ƙuna ce babbar matsalarsa, bororo da tabo da gyambon da ke iya ruɓewa, sai ƙaiƙayi da tari da hawaye saboda hayaƙin. Akwai ma salon da ake ɗora shi kai tsaye a fata da gangan har ya bar tabo, wannan kam ban ga dalilin da mai ciwon baya zai yarda da shi ba. Mai ciwon suga da jijiyoyinsa suka fara mutuwa shi ya fi kowa shiga haɗari don zai ƙone bai ji ba, kuma gyambonsa ba ya saurin warkewa. Mai asma shi ma ya yi nesa. Abin da ya fi damuna da akwatin nan na ɗaurawa shi ne a gida ake yi, mutum ya kwanta ɗumi ya yi masa daɗi barci ya kwashe shi.

To wanne za ka zaɓa, ya danganta da irin ciwon. In sabo ne, jiya ka ɗaga buhu ko jarka bayan ya riƙe, kar ka kai kuɗinka ko'ina cikin biyun, yawancin irin wannan yana lafawa da kansa cikin mako shida, kuma duk abin da ka yi a tsakanin shi zai kwashe yabon. Ka ɗumama wurin, ka ci gaba da 'yan zirga-zirgarka, kar ka kwanta kwana da kwanaki don kwanciyar tana ƙara riƙe shi. Tiramol da danginsa ma ba su da wani abin kirki a nan, a Ostireliya an gwada irin waɗannan ƙwayoyin da na bogi a kan sabon ciwon baya da wuya, sakamakon ya fito a 2023, ba su fi na bogin ba.

In kuma ya wuce wata uku, an duba ka a asibiti ba a ga wani mugun abu ba, nan ne akufanca ke da gurbi, musamman ga wanda diklofenak da ibuprofen suka fara taɓa masa olsa ko ƙoda ko hawan jini. Amma ka shiga da sharaɗi irin na Medicare, ka ƙayyade zama goma zuwa sha biyu, kafin ka fara ka rubuta abin da ka kasa yi yanzu, misali ruku'u ba tare da dafa gwiwa ba, ko zaman awa ɗaya a mota, ko shara a sunkuye, in an je rabi babu abin da ya motsa ko an gama babu canji ka tsaya, kar a ce maka sai an yi zama talatin kafin ta fara aiki. Kuma tunda gwaji ya nuna zaɓen wuri na musamman bai ƙara komai ba, wanda ya ninka maka kuɗi don wai shi ya san sirrin wuraren da wasu ba su sani ba, tsabtarsa da takardar horonsa ya kamata ka duba ba sirrin ba. Kar kuma ta sa ka bar motsa jiki da atisayen da likitan gashin ƙashi ya ba ka, duk hukumomin nan da suka saɓa a kan allura, har NICE da ta kore ta, sun haɗu a kan motsa jiki.

Wanda ciwonsa ke sauka ɗuwawu ya bi cinya har ƙafa saboda faifan baya ya danne jijiya, shi akwai ɗan labari mai daɗi. A 2024 an buga wani gwaji daga asibitoci shida na Chaina a mujallar ƙungiyar likitocin Amurka, mutum 216, zama goma cikin mako huɗu, zafin ƙafa ya sauka da maki wajen 31 a masu allurar gaske da wajen 15 a masu ta bogi, kuma tazarar ta kai shekara. Gwaji ɗaya ne kuma ba babba ba, amma an yi shi da tsari, kuma yana cikin 'yan kaɗan da allurar gaske ta bar ta bogi a baya sosai.

Moksa kuwa ni a wurina ƙari ne ba jigo ba. In mai akufancar yana haɗawa da shi ba tare da ƙarin kuɗi ba, kana jin daɗin ɗumin, ba ka da suga ba ka da asma, ɗakin kuma yana shan iska, babu laifi, irin na nesa da fata dai, kuma da ka ji ya fara cizo ka yi magana kar ka daure don nuna jarumta. Amma a ce ga kuɗin zama goma a hannunka dole ɗaya za ka ɗauka, allura ce, ɗumin ka yi abinka a gida da ruwan zafi.

Akwai waɗanda duk maganar nan ba tasu ba ce, asibiti za su nufa kai tsaye. Wanda fitsari ko bayan gida ya fara kufce masa ko fitsarin ya ƙi fita, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu ba ya ji, ko ƙafa ta fara rauni yana jan ta, wannan a ranar zai tafi ba gobe ba, don jijiyoyin ƙasan baya ne suka matsu kuma in aka yi jinkiri ba sa dawowa. Wanda ciwon ya zo masa da zazzaɓi da zufar dare da rama, a yankinmu dole a yi tunanin tarin fuka na ƙashin baya, shi kuma maganinsa ƙwayoyin tibi ne na watanni, in aka tsaya gashi har ƙashin ya rufta mutum na iya rasa ƙafafunsa. Haka mai sikila, da wanda ya faɗo daga mashin ko ya yi hatsarin mota, da wanda aka taɓa samu da ciwon daji, da tsohon da bayansa ya riƙe farat ɗaya bayan 'yar ƙaramar faɗuwa, duk waɗannan hoto da gwajin jini za a fara yi musu kafin kowa ya kusance su da allura ko wuta.